Buhun Gero da Gangar Tunau

Daga Kamarawa,
zuwa ga ɗana Nomau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda ta iske ka lafiya a Sabon Birni kafin ku ƙetara iyaka. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare maka wuya da ƙugu da gwiwa, Ya haɗa ka da abokan karawa masu tsoron Allah, waɗanda in sun kayar da mutum ba su faɗa masa a kai. Innarka tana gaishe ka. Ƙanwarka Kulu ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa ko da maganar ba ta yi mini kyau ba. Alhaji Mamman mai kai kaya Maraɗi shi zai miƙa maka takardar. Ka nemi mai karatu ya karanta maka a gefe, ba a gaban makaɗinka Ila ba. Za ka ga dalili.

Ranar da ka tafi na raka ka har gindin tsamiya da magana cike da bakina, amma da muka tsaya abin da ya fito shi ne, “Ka ɗaure wando da kyau.” Na dawo gida innarka ta tambaye ni wace nasiha na yi maka, na gaya mata. Ta ce to, aƙalla wandon zai dawo. Shi ya sa na zaunar da Kulu.

Ka san abin da ka bari. Damina biyu ke nan ruwa na leƙo mu yana komawa. Rumbu ya zama ɗakin kaji, kajin ma sun ƙare. Irin da muka rataye a rufin ɗaki mun sauke shi cikin azumi mun cinye, kana nan aka yi. Jar dawar taimako da ake rabawa tana toshe ciki, amma ka ga wadda innarka ta gwada shukawa a bayan gida, ta yi tsawo ta wuce danga ta ƙi fitar da kai. Saboda haka buhun geron da aka ce attajiran Maraɗi sun sa wa wanda ya yi kaye na ƙarshe, a wurinmu ba kyauta ba ce, gonarmu ce ta baɗi. In ya shigo gidan nan kafin ruwan shuka, mu manoma ne. In bai shigo ba, mu masu kallon gonar mutane ne.

Ba za ni koya maka kokawa ba. Ka fi ni tsawo, ka fi ni ƙashi, kuma bara ka kayar da ni a gaban awaki na ce santsi ne. Ba santsi ba ne. Ina ruwan da zai kawo santsi? Abin da za ni gaya maka shi ne inda ni na faɗi, don ka san ramukan.

Ni ban fara kokawa da mutum ba, da maraƙi na fara. Ina yaro wani Bafulatani ya ba mahaifina amanar ɗan maraƙi, ni ke kai shi kiwo. Kullum in mun isa yashin gulbi sai in kama wuyansa, shi kuma ya tura. Ya kayar da ni har ya gaji, ya girma ya zama sa, mai shi ya zo ya tafi da shi ban taɓa kai shi ƙasa ba. Amma shi ya koya mini in kafa ƙafa cikin yashi in ƙi motsi. Daga nan sai kokawar yara in an tashi daga gayya, sai ta samari da kaka, in an ɗaure gero an cika rumbuna gari ya gayyaci gari. A lokacin ɗan kokawa manomi ne da ya ƙoshi ya rasa inda zai kai ƙarfinsa. Sai daga baya abin ya zama sana'a, aka fara sa rago da turmin atamfa da damin gero, mutum ya riƙa bin kasuwa kasuwa: Bafarawa, Isa, Shinkafi, Sabon Birni, har ƙetare. Ni na bi duka.

Kuskurena na farko a Bafarawa na yi shi, ran da aka fara gayyatata wani gari da sunana. Aka sauke ni gidan wata tsohuwa mai fara'a. Ta kawo fura da nono a ƙwaryar da za a iya yi wa jariri wanka a ciki. Na sha. Ta ce, “Haba ɗana, haka mutanen Kamarawa ka sha, awa masu zazzaɓi?” Na ji an taɓa garinmu, na shanye, ta ƙaro. Bayan fura ta kawo wake. Da la'asar na shiga fili da wani da ake ce wa Dogo. Bai nemi ƙafata ba, bai nemi wuyana ba. Rungume ni ya yi ta tsakiya ya girgiza, har na bakin fili suna jin furar tana kaɗawa. Ka san dokar, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kaye. Ni da kaina na durƙusa, don in ban durƙusa ba abin da zai faru ya fi kaye muni. Ina durƙushe na ji guɗa, na ɗaga kai, sai ga tsohuwata mai fara'a. Ashe kakar Dogo ce. Don haka in an sauke ka a garin wanda za ka kara da shi, ka yi godiya, ka ci kaɗan, ka tambayi dangin mai gidan. Na san bana ba wanda zai cika maka ciki ko yana so, amma ka riƙe maganar saboda shekarun ƙoshi.

Bayan wannan kayen na ce asiri aka yi mini, ban ce wake ba ne. Na bi duk mai ba da laya daga nan har Gatawa. Na ɗaura guru a ƙugu, kambu a damtse biyu, layu a wuya har suna ƙara in na yi tafiya, kamar jakin fatake. A Isa aka haɗa ni da wani ɗan guntu da bai kai kafaɗata ba. Ya kama gurun da hannu ɗaya, igiyar layun da ɗayan, ya juya ni ya ajiye. Bayan an tashi ya zo ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce tunda yake kokawa bai taɓa samun mutum mai mariƙi ba sai yau. Kai ka yi sallarka, ka yi addu'arka, Allah ke tsarewa. Kada ka rataya wa abokin karawarka abin kamawa.

Waɗannan biyu ƙanana ne, na faɗe su ne don bakina ya saba kafin in kai ga babban. Babban kuskurena yana da suna, yana da gida a bayan masallacin garin nan, kuma shi ya haifi Ilan da ke ɗauke da ganga a bayanka yanzu. Tunau.

Kai ka san shi tsoho. Ni na san shi saurayi, siriri, wanda ko akuya ba zai iya ɗagawa ba. Ba a taɓa kayar da shi ba, don bai taɓa shiga fili ba. A kasuwar Shinkafi ya fara bina, ranar da na kayar da mutum uku a jere. Ɗan kokawar da ba shi da makaɗi ba kowa ba ne, ko ya kayar da raƙumi ba wanda zai ji labari a gari na gaba. Makaɗi ke kiran sunanka, shi ke tada maka jini, kai kuma in ka yi kaye sai ka yi masa kyauta a gaban jama'a. Ba a ƙayyade kyautar ba, kuma nan masifar take. Ranar ya matso kusa da ni, ya kwantar da kai a kan gangar, ya ce:

“Kututturen bakin gulbi. Ruwa ya zo ya iske ka, ruwa ya wuce ya bar ka. Na Kamarawa, ƙasa ba ta san bayanka ba.”

Nomau, ban san yadda za ni kwatanta maka ba, kuma ina tsoron ba sai na kwatanta ba. Sai na ji kaina ya yi girma, kasuwar ta yi ƙanƙanta, duk abin da ke jikina ya zama nauyin da nake so in sauke. Na cire hula na ba shi. Wannan ita ce ta farko, kuma tun daga ranar ban taɓa tsufa da hula ba.

Daga hula sai riga. Akwai ran da na dawo daga Isa da warki kaɗai, na ratsa mata a bakin rijiya ina gaishe su ɗaya ɗaya kamar haka na saba fita. Ragon da na ci a Sabon Birni bai kwana a gidan nan ba. Sai kuma jakin kakanka na wajen uwa, wanda na ara don in kai kaya kasuwa, aka tsayar da ni a hanya aka ce ana kokawa. Da na dawo a ƙasa na tarar da tsohon a ƙofar gida yana jira.

Ya ce, “Bawa, jakin fa?”

Na ce, “Baba, na yi kyauta da shi.”

“Madalla. Kai wa yab ba ka shi?”

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, “To, Allah Shi sa ɗiyata ba ta tsaye kusa da kai rad da za a sake kaɗa gangar ga.”

Duk wannan abin dariya ne, don lokacin akwai hatsi. In ka ba da rago, rumbu na nan. Sai farin farko ya zo, wanda ya gabaci wannan. Kana yaro mai korar awaki, Kulu ba a daɗe da yaye ta ba. Shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, mutanen arewa suna wucewa da tabarmi a kai. Ba kaka, saboda haka ba kokawa a ƙasarmu, don ba wanda ke da ƙarfin da zai zubar a banza. Mu ma muka cinye iri, kamar bana. Sai aka ce wani attajiri a Tsibiri, can ƙetaren iyaka, ya sa buhun gero. Ka ji yadda labarin ya yi kama da naka? Shi ya hana ni sukuni tun da ka tafi.

Da za mu fita ni da Tunau, innarka ta tsaya a bakin zaure ta ce, “Maigida, labari muna da shi. Buhu muka so.” Na yi mata rantsuwa har sau uku.

Yini biyu aka yi ana karawa. Na ƙarshe da ya rage mini wani Ba'adare ne mai wuya kamar turmi, da alama garinsu yunwar ba ta kai ba. Ni kuwa dusa ce a cikina. Ban yi masa wata dabara ba sai ta maraƙi. Na kafa ƙafa na ƙi motsi. Ya tura, ya ja, ya ɗaga, ya yi huci, rana ta sunkuya. Da na ji numfashinsa ya fara tsinkewa sai na saƙala masa ƙafa ta ciki na bi shi da ƙirji. Faɗuwarsa har a tafin ƙafata na ji ta. A duk kokawar da na yi a duniya ba wadda ta kai wannan, kuma da a nan labarin ya ƙare da tuni ka gaji da jinsa.

Aka kawo buhun aka ajiye a gabana. Na tuna rantsuwata, na hau kansa na zauna, na riƙe kunnuwansa da hannu biyu. Na ce a raina yau ko sama za ta faɗo ba ni tashi. Sai ga Tunau yana tahowa a hankali. Bai ma buga da ƙarfi ba. Ya yi kirarin da na sani, na daure, na dubi ƙasa. Sai ya ƙara wani da ban taɓa ji ba:

“Yunwa ta kayar da kowa, ta zo ga Kututture ta yi sallama. Kowa na kyauta ranar da akwai. A nuna mini mai kyautar ranar da babu.”

Mutanen ƙetare duka suna kallona, har attajirin ya miƙe daga kujerarsa. Ban san lokacin da na tashi ba. Abin da na sani shi ne ni da kaina na ɗauki buhun na ɗora masa a kan jaki. Jakin kakanka. Kuma ni na bi gefensa a ƙasa tun daga Tsibiri har Kamarawa, ina tallafe da buhun kada ya zame.

Na shigo gida na iske innarka ta wanke babban tulun da ake zuba iri, ta kife shi a rana ya bushe, ta share masa wuri a ɗaki. Labari ya riga ni isowa, amma rabinsa.

Ta ce, “Sannu da hanya. An ce kai kac ci.”

Na ce, “Ni ne.”

“To ina buhun?”

“Yana cikin garin nan.”

“Cikin garin ga ina?”

Na ce, “Ya dai iso lafiya.”

Daidai nan aka rangaɗa guɗa daga bayan masallaci. Innarka ta saurara har guɗar ta ƙare. Ta ɗauki tulun ta mayar da shi inda yake, ta rufe bakinsa da faifai, ta ce, “Tunda ya iso lafiya, alhamdu lillahi.” Daga ranar har faɗuwar ruwa ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba. Akuya take ba saƙo. Ina zaune sai in ji, “Ke akuya, gaya ma mai kyautar ranar da babu abinci nai na nan, shi ma babu ne.”

Za ka ce me ya hana in je in karɓo. Kyautar fili ba a karɓo ta. Wanda ya yi haka sunansa ya mutu, kuma makaɗa za su raka gawar sunan kasuwa kasuwa. A lokacin ina ganin sunan ya fi buhu. Ruwa ya sauka, kowa ya fita da ƙwaryar shuka, mu kuwa sai kusurwa ɗaya muka shuka da ɗan abin da innarka ta roƙo wurin danginta. Sauran gonar ta zauna tana fitar da ciyawa. Dole na fita ƙwadago. To wa ke da iri da yawa a garin nan, ga gona shuke har iyaka, ga shi ba ya iya riƙe hauya? Na je na yi wa Tunau noma. Gerona ne, na san shi, ya fito kore shar yana kaɗa mini kai. Shi kuma ya tsaya a bakin kunya da gangarsa, wai don aikin ya yi mini sauƙi. Na yi noman yini biyu a yini ɗaya. Da yamma ya fito da tiyar gero, ladan aikina, ya ajiye a gabana, yatsunsa suna ɗan taɓa fatar gangar. Na ce, “Bar shi, Tunau. Mi a tsakaninmu?”

Kulu ta ajiye alƙalami ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ce ta gama ta ɗauka, don abin da ke biye ba na dariya ba ne. Shekarar nan ce kuka ci anza, ƙwayar dajin nan wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, kuma ba ya fita duka. Ka taɓa tambayata a hanyar gona me ya sa geron su Ila ya fi namu yawa, na ce maka taki ne. Ba taki ba ne. Ka ci anza saboda ni. Ban taɓa gaya maka ba, yau na gaya maka.

Da kaka ta zagayo na ce na yi hankali. Za a yi kokawa a Sabon Birni, na sami auduga na cusa a kunnuwa biyu har na daina jin kukan jaki. Na shiga fili. Ina ganin Tunau yana buga ganga, bakinsa na motsi kamar akuya na tuƙa, ban ji kome ba. Na yi murna. Amma da na dubi kaina sai na ga ba Kututture a filin, wani manomi ne mai yunwa tsaye ba riga a gaban mutane. Ƙafafuna suka ƙi sanina. Ban ma ji lokacin da alƙali ya ce a kama ba, sai dai na ga sama. Ranar ƙasa ta san bayana, ta san shi da kyau, gwiwata kuma ta murɗe, ita ce wannan da nake ja har yau. Nan kokawata ta ƙare. Tunau ne ya ɗauko ni a kan jakin, yana tafe yana share hawaye da hulata.

Saboda haka ban ce ka toshe kunne ba. Ganga rabin ƙarfinka ce, in ka yar da ita ka yar da buhun tun ba a fara ba. Ban kuma ce Ila ɓarawo ne ba, ubansa ma ba ɓarawo ba ne. Tunau bai taɓa buɗe baki ya ce in ba shi kome ba. Aikinsa ya yi, ya kuma iya. Ciwon a jikinmu yake. Kada ka ce kai ba irina ba ne. Na ga kunnuwanka suna motsi ran da Ila ya fara kiran sunanka, kuma takalman da ka ce wa innarka gulbi ya tafi da su, gulbin ya shekara ba ruwa, na kuma gan su a ƙafar Ila ran Juma'a.

Ga abin da za ka yi. Da safe, tun jininka na sanyi, tun gangar na rataye, ka kira Ila a gaban Alhaji Mamman ka yanke masa rabonsa. Duk abin da aka jefo maka a fili, zane ne, sabulu ne, akuya ce, nasa ne, ka ba shi da hannu biyu a gaban jama'a don kada a ce ɗan Kututture marowaci ne. Buhu kuwa ba naka ba ne balle ka bayar, na innarka ne, kai ɗan aike ne. Na roƙi Alhaji ya tsaya a bakin fili shi da direbansa. Ana ɗaga hannunka su ɗauke buhun su jefa cikin mota su rufe, kafin Ila ya ɗaga sandar kiɗi. Kada ka ce za ka zauna a kansa ka tsare shi. Ni ma na zauna. In ya iso, gidan Tunau za su sami tiyarsu ta shuka, don su ma ba su da iri, amma innarka ce za ta auna, ba ni ba, ba kai ba.

In kuma an kayar da kai, ka dawo. Wannan ka sa a karanta maka shi sau biyu. Na san samari da kunyar kaye ta hana su komawa gida, suka wuce kudu, har yau ana jiran su. Ba wanda zai yi maka dariya a gidan da ubansa ya durƙusa saboda wake. Iri ko a tafin hannu za mu roƙa, amma hannun da zai shuka shi ba a roƙonsa. Da ka ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, da buhu ko ba buhu, ka kamo hanya.

A nan muka tsaya jiya da la'asar, yau da hantsi muka ci gaba. Kulu ta ce ba sai an rubuta dalilin tsayawar ba. Na ce a rubuta.

Muna cikin maganar hadarin nan aka yi sallama. Tunau ne, da sandarsa, ba ganga, tunda gangar na wurinku. Na ce a raina ba abin tsoro, macijin ba haƙori. Ya zauna a tabarma muka gaisa.

Ya ce, “Ƙaƙa kewar yara? Na ce bari in zo mu yi ma juna dangana.”

Na ce, “Ka kyauta. Takarda nika yi ma Nomau, ta nasiha.”

“Nasiha kan mi?”

“Kan cin wake.”

Ya ce lalle wake abin tsoro ne. Akwai tiyar awo a gefen tabarma, ba kome a cikinta tun watanni. Ya jawo ta yana dubawa, ya kife ta a cinya, wai yana ganin ko ta tsage. Sai yatsunsa suka fara tafiya a kanta. A hankali, kamar kaza na tsattsage. Na ce wa kaina, Bawa, kai ne fa yanzun nan ka gama faɗin magana mai hankali, ga shaida a rubuce. Sai ya ce, da muryar nan tasa da ta tsufa ta dushe, “Kututturen bakin gulbi. Ruwa ya ƙi zuwa, kai kana nan.”

Da hankalina ya dawo, Tunau ya kai bakin zaure da hulata a kansa da galmata a kafaɗa, ni kuma ina tsaye a kan gwiwar da ba ta tsayuwa ina ce masa ya gaida gida. Innarka ta fito daga madafa ta dubi kaina, ta dubi inda galmar take jingine da, ta ce, “Iri babu, galma babu. Bana sai ka shuka kirari, mu ga ko shina yin tsaba.”

Ta yafa mayafi ta bi bayansa. Ashe tun shekarar anza ita da matar Tunau suka yi shiri a tsakaninsu, ni ban sani ba sai jiya: ƙarfe da abu mai rai suna dawowa ta bayan gida, tufa kuwa ta tafi ke nan. Galmar ta dawo kafin magariba. Amma ta gaya mini a gaban Kulu, ba ta hannun akuya ba, cewa hatsi ba ya cikin shirin, don kafin a je karɓo shi an daka.

To ga nasihata ta ƙarshe, ita ce kuma ta fi duk na sama. In Allah Ya ba ka buhun, ka tsallake Ila, ka tsallake jama'ar Maraɗi, ka tsallake iyaka, saura mutum ɗaya. Kada ka biyo da shi ta ƙofar gida inda nake zama. Ka zagaya ta bayan garken awaki, ka miƙa shi ta kan danga a hannun innarka. Kada a gaya mini inda ta ɓoye shi, ko na tambaya, ko na yi fushi, ko na ce ni ne mai gidan. Ranar shuka a zuba mini nawa a ƙwarya a bakin gona, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, wani kuma ya tsaya ya duba hanya.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Ya sa ƙafarka ta kafu, Ya sa bayanka ya yi nisa da ƙasa, in kuma ya taɓa ta, Ya sa ta yi maka taushi. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, mu da mutanen ƙetare da dabbobin da suka rage. Ka gaida Alhaji Mamman. Ka gaida Ila, ka ce ubansa na nan lafiya, ya yi sabuwar hula.

In an jefo maka hula a fili, ita kaɗai ka cire daga rabon Ila ka taho mini da ita, rana na dukan kaina. Ita ma ka ba innarka ta ajiye.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Bawa, wanda ake ce wa Kututture.